Akushi Biyu na Bunu

Daga Allah muka fito, gare Shi kowa zai koma, wani da safe wani da yamma. Bunu ɗan Yakaka, masunci, mai gyaran koma a ƙauyenmu Tsamiyar Gana ta ƙasar Auyo, ya riga mu komawa ranar Alhamis, tara ga watan Sha'aban, shekara ta alif da metan da casa'in daga Hijira, tsakanin azahar da la'asar. Ya yi kwana goma sha biyu yana fama da ciwon ƙirji. Mun kai shi tudun arewa, domin makabartar da iyayenmu suke kwance ruwa ya hau ta bana. Ni Abdulwahid, limamin wannan ƙauye, ni na wanke shi, ni na sallace shi, ni ne kuma nake rubuta wannan a rana ta bakwai, idona yana ganin harafi ɗaya biyu.

Na daɗe ina rubuta wa mutane takardar ta'aziyya. Akwai kalmomin da muka saba jerawa, a ce mai haƙuri ne, mai kyauta ne, mai zumunci ne, kuma muna jera su a kan wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba, har sun gaji kamar yadda na gaji. Bunu, kai ba zan jera maka su ba. Zan faɗi abin da ka yi, in faɗi abin da ni na yi, a karanta a ƙofar masallaci kowa ya ji. Na kai shekarun da kunya ba ta da sauran abin da za ta tsare mini.

Tare muka tashi. Iyayenka daga bakin Chadi suka zo da gorunansu da tarunsu, mahaifiyarka har ta rasu Hausarta ba ta miƙe ba, muna yara muna kwaikwayonta tana bin mu da muciya. Ni aka tura ni karatu, kai aka tura ka kogi. Na dawo da rawani da gafaka, na same ka da surorin da kake salla da su kawai, da ƙafafu duk kaushi. Ka fara ce mini Malam tun ranar, ni kuwa ban fasa ce maka Babarbare ba har muka haura saba'in.

Wanda bai riski lokacin ba, bari in gaya masa yadda ciyayyarmu take. Mu bakwai ne, magidanta. In an idar da magariba sai a shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar masallaci, kowane gida ya fito da akushinsa, a jera. Ba wanda yake cin nasa shi kaɗai. Ana jawo akushi ɗaya, hannu bakwai su shiga, in ya ƙare a jawo na gaba. A nan ake sanin wanda bai da lafiya, da wanda rumbunsa ya yi ƙasa, ba tare da ya buɗe baki ya faɗa ba. Shekarar da tsuntsun jan-baki ya cinye mana dawa, akwai wani daga cikinmu, ba zan ambaci sunansa ba don 'ya'yansa suna raye, wanda akushinsa ya koma tafasa da ɗan gishiri. Kullum yakan ajiye shi can baya yana sunkuyar da kai. Kai kuwa, Bunu, da akushinsa kake farawa. Ka jawo shi tsakiya ka ce ka gaji da kifi, bakinka yana son ganye, sannan ka tura naka mai tarwaɗa gabansa kamar ba ka lura ba. Wata uku kana wannan ƙaryar, kuma na tabbata ba za a rubuta maka ita cikin zunubi ba.

Ni na fasa wannan ciyayya. Kowa ya sani, rawanin da ke kaina ne ya hana a faɗa a gabana. Mahaifinmu ya bar mana fadama ɗaya, ni da ƙanena Sa'idu, aka raba mana ita da jerin gamba. Shekara goma sha huɗu da suka wuce kogi ya yi wata irin cika, da ya janye ya tafi da gambar, ya shafe ƙasa ta koma kamar tafin hannu. Sa'idu ya yafa shinkafa ya shigo mini taki uku ko huɗu. A yau ma ba zan iya dafa Alƙur'ani in ce lalle ya shigo ba. Na kira shi ɓarawo a gaban mai gari, shi ma ya mayar mini da wadda ta fi ta zafi. Da magariba aka jera akusa, ya miƙo hannu cikin wanda nake ci, sai na ɗaga nawa sama na rantse da Allah ba zan sake haɗa hannu da shi a akushi ɗaya ba har ƙasa ta rufe idona. Ya janye hannunsa, ya goge a gefen tabarma, ya tashi. Kafin kaka ta ƙare ya kwashe iyalinsa ya koma tudun gabas, ƙetaren kwari. Sauran kuwa kowa ya ji tsoron a ce ya bi bayan wani, ɗaya bayan ɗaya suka koma ci a cikin gida.

Kai kaɗai ka ƙi. Ka ce wa matarka 'Yar'azumi daga yau ta riƙa zuba tuwo a akushi biyu. In an yi la'asar ka ɗauki ɗaya ka nufi tudun gabas, ka ci da Sa'idu, ka dawo ka sami magariba a bayana, ka ɗauko na biyun ka zauna a zaurena. Da rani tafiya ce ta ƙafa, ba ta da nisa. Amma daga tsakiyar damina har bayan kaka kwarin yakan cika, sai ka ɗaure akushin a ka da tsumma, ka kwanta a kan gora, babban nan da masunta ke hawa a ruwa, ka ƙetare. Ka taɓa ce mini a duk ƙasar Haɗeja kai kaɗai ne kake cin tuwo sau biyu da yamma kana ramewa, domin can surutu, nan surutu, loma ba ta samun hanya.

Ba ka taɓa kai maganata can ba, ba ka taɓa kawo ta ƙanena nan ba. Sai dai kana tsakiyar ci ka jefo labari kamar da bango kake magana: Haruna ɗan Sa'idu ya sami ɗa namiji, Aisa matar Sa'idu ta kwanta, idon Sa'idu ya fara hazo. Ni kuma in yi kamar ban ji ba, alhali kunnena a nan yake. Sau ɗaya ka fito mini a fili. Ka ce, “Malam, ba kai ka karantar da mu cewa wanda ya yi rantsuwa ya ga abin da ya fi ta alheri, ya karya ya ciyar da miskinai goma ba? Kai ka kawo dawa, ni in kawo kifi.” Na ce maka masunci ya tsaya a kan komarsa, ya bar wa malamai fatawa. Ka ce to, ka ci gaba da cin tuwonka. Girman kai rawanin tsiya, in ji mutane, ni kuwa nawa rawanin har biyu na naɗa.

A shekara ta huɗu kogi ya sauya hanya, ya cinye takin nan huɗu da wasu arba'in a kansu, wurin ya zama gurbi mai zurfi. Ka jefa koma a ciki ka kamo tarwaɗa, ka sa aka tsaga ta biyu daidai. Ka ajiye akushi a gabana ka ce, “Wannan amfanin gonarku ne na bana. Rabi naka, rabi nasa, na auna da kyau.” Ban yi dariya ba. Da na yi, wataƙila da tun ranar an wuce wurin.

Sai Allah ya karɓi matata Saude, yau shekara tara. 'Ya'yanmu mata duk suna gidajen aure, ɗaya a Miga, biyu a Kafin Hausa. Na rufe kaina a ɗaki da littattafai, na ce su sun ishe ni, ba su gulma, ba su cin iyakar gona. Ina fita in ja salla in dawo, abin da maƙwabta suka aiko da shi ya kwana ya yi tsami a bakin ƙofa. Ba ciwo nake ji ba. Tuwon ne in na kai baki ni kaɗai sai ya zama kamar ƙasa. Ka zo ka ajiye akushi, na ce na ƙoshi. Ka ce kai ma ka ƙoshi, ka rufe, ka naɗe hannu. Washegari haka, jibi haka, kuma na sami labari can tudun gabas ma zama kawai kake yi, ba ka ci. A rana ta uku ka ce, “Malam, ka san ni da yunwa ba ma shiri. In ka ƙudura mutuwa ka gaya mini in yi wa 'Yar'azumi sallama, don tare za mu tafi.” Haushinka ne ya sa na wanke hannu, wallahi ba yunwa ba. Na ci loma biyar ina zaginka, kana cewa in ƙara zagin in ƙara loma.

Daga nan muka fara gardamar da ba mu gama ba. Kai kana cewa kaɗaici yana kashe mutum. Ni ina cewa ajali rubutacce ne, ba ya gaba ba ya baya, ko mutum ya ci da dubu ko ya ci shi kaɗai. Sai ka ce kai ba ka san rubutu ba, amma ka san in kogi ya janye, kifin da ya rage a kududdufi shi ke fara juya ciki sama, ko da ruwan bai ƙafe ba. Ka riƙa lissafa mini mutanen ciyayyarmu da yatsa: wane ya koma ci a ɗaki, bai yi shekara uku ba, wane ma haka, ga shi da 'ya'ya da rumbu cike. Na ce maka tsufa ne. Ka ce ai mu ma ba yara ba ne. Abin da ban gaya maka ba shi ne, ni da bakina na sha karanta wa almajirai manya hadisin da ya ce sada zumunci yana buɗa arziki yana ƙara tsawon kwana. Ina fassara shi dalla-dalla, ina kawo saɓanin malamai a kan ma'anarsa, sannan in tashi in wuce hanyar tudun gabas ba tare da na waiwaya ba.

Shekara biyar ke nan da idon Sa'idu ya rufe gaba ɗaya, matarsa kuma ta riga shi. Ɗansa Haruna yana gona ko yana kogi, surukarsa Larai tana kula da shi iyakar ƙoƙarinta, amma suruka ba ta zama ta ci da uban miji. In ta ajiye masa akushi sai ya zauna yana sauraro. In bai ji hannun wani yana motsi a ciki ba, ba ya ci. Wannan ma kai ka jefo mini shi wata rana, na yi kamar ban ji ba.

Bana ruwa ya zo da yawan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Kwarin da yake kai wa mutum ƙugu ya shanye kai, ga sanyi, ga ƙarfin gudu. Ka fara tari tun farkon Rajab. 'Yar'azumi ta zo har zaurena, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ce, “Malam, abokinka ba ya jin maganar kowa sai taka. Ka hana shi shiga ruwan nan, ƙirjinsa ba zai ɗauka ba.” Ban gane abin da take roƙo ba, ko kuwa na gane na kau da kai. Da ka zo na ce maka ka riƙa aikawa da akushin ta hannun masu fito, ka zauna a gida. Ka dube ni, ka daɗe kana dubana, sannan ka ce, “Ai ba tuwo ya rasa ba, Malam.”  Ni kuma na san abin da ya rage a faɗa, na san bakin da ya kamata ya faɗe shi, amma na ci gaba da cin tuwona.

Ka ci gaba da ƙetarewa har ranar da ka fito daga ruwa ka kasa miƙewa, masu fito suka ɗauko ka. Kwana goma sha biyun da ka yi a kwance ina gefenka, ina tofa maka addu'a, ina jira ka yi mini wasiyya a kan Sa'idu, har na shirya amsar da zan ba ka. Ba ka yi ba. Ka tambayi ko ruwa ya fara ja, ka ce a mayar wa wani mutumin Auyo komarsa da ka gama gyarawa, ka yi kalmar shahada. Ko a nan ba ka so ka kunyata ni ba, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce ka zage ni.

Yanzu in wani ya ce mini, to ga shi zumuncin da aka ce yana ƙara kwana shi ya kai Bunu kabari, ban san abin da zan ce masa ba. Na gaji da gardama, kuma wanda nake yi da shi ya tafi. Ajali na Allah ne, a kan wannan nake har gobe. Amma abin da idona ya gani shi ne tsofaffi biyu, ɗaya makaho ɗaya mai taurin kai, sun yi shekara goma sha huɗu suna rayuwa a kan ƙafafun mutum ɗaya. Ka kuma mutu ɗakinka cike da mutane har waje, daga Auyo, daga Miga, wasu ban taɓa ganinsu ba, kowa yana cewa ka taɓa zama ka ci da shi. Da ni na riga ka, ban san wanda zai zo don ni ba, in ka cire waɗanda za su zo don liman.

Ranar sadakar uku Haruna ya zo ya durƙusa ya yi mini gaisuwa. Ya ce, “Baba, tun da aka gaya wa tsoho rasuwar bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa.” Bai roƙe ni komai ba, ya tashi ya koma cikin mutane. Da aka yi la'asar sai ga aike daga 'Yar'azumi, akushi biyu a rufe da faifai, aka ajiye a zaurena. An ce ta ce hannunta ne ya saba, ta zuba kafin ta tuna. Ban yarda mantuwa ba ce, kuma ban ga laifinta ba.

Na zauna ina kallonsu har inuwa ta kai bango. Sannan na aika aka kira Haruna. Ni ban taɓa hawa gora ba tun ina yaro. Ya ɗaura mini akushi ɗaya a ka, na tuɓe rawani na ba shi ya riƙe, na kwanta a kan gora yana ja na kamar buhun gero, mata suna kallo daga bakin ruwa. Sanyin ruwan ya shiga har ƙashina. A tsakiyar kwarin ne na san abin da kake shiga kullum, da ƙirjin nan naka.

Na sami Sa'idu a zaure, jingine da bango, ya rame har ban so in dube shi ba. Na yi sallama. Ya karkato da kunne.

“Yaya?” ya ce.

“Ni ne.”

“Ka zo ka ga ko na mutu?”

“Na zo in ci tuwo,” na ce. “Miƙo hannunka in zuba maka ruwa.”

Bai miƙo ba sai da na kamo shi da kaina. Na buɗe akushin na sa hannu, na motsa don ya ji. Can ya laluba ya sa nasa, yatsunmu suka haɗu, ya tsaya. Mun ci loma uku-uku, ba mu iya ƙari ba, hawaye yana bin gemunsa, ni ma ban san halin da tawa fuskar take ciki ba. Ba mu yi zancen fadama ba, ba mu yi zancenka ba. Da na miƙe zan tafi sai ya riƙe bakin rigata ya ce, “Gobe ma?” Na ce in Allah ya kai mu.

Yau kwana huɗu ina ƙetarewa. Na fitar da dawa an ciyar da mutum goma. Ba zan yi maka ƙarya in ce zaman yana da daɗi ba: magana ba ta zo mana ba tukuna, shi yana jin nauyina, ni ina jin kunyarsa, gwiwoyina kuma ba sa barina barci. Amma jiya ya cinye rabin akushi, har ya ce miyar Larai gishiri ya yi mata yawa.

Ya Allah, ga bawanKa Bunu ya zo maKa, bai san karatu mai yawa ba, Kai ne Ka san abin da ya aikata da ɗan abin da ya sani. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa makwanci, Ka ɗebe masa kewa a kabari kamar yadda ya ɗebe wa bayinKa a duniya. Ka sa duk takun da ya yi tsakanin tudun nan biyu ya same shi a mizani. Ka sada shi da iyayensa cikin Aljanna, Ka kyautata tamu in ta zo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa Gana da Bakari da 'yan'uwansu mata, da jikoki, da masuntan Tsamiyar Gana baki ɗaya, da ƙanena Sa'idu wanda ya yi rashin da ya fi na kowa. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa. Ke kuma 'Yar'azumi, Allah ya ba ki ladan takaba da ladan tuwon shekara goma sha huɗu. Kin zo kin durƙusa kin roƙe ni in fitar da mijinki daga ruwa, kuma hanya ɗaya ce tak da zan fitar da shi, in shiga da kaina. Na shiga, amma sai da aka binne shi. Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya ba yanzu, zan jira, ban da bakin cewa ki yi sauri.